Asalin Sunan Barker, Kamar Yadda Na Binciko Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyar 'yan Damagaram mazauna Faransa, Alhaji Saley, wanda ya ba ni minti goma yana sane da cewa ban taɓa tsayawa a goma ba. Limaminmu Malam Muntaka, wanda yake zaune tun azahar bai san ko aure aka kira shi ya ɗaura ko faɗa aka kira shi ya raba ba. Dattawan Sevran da na Clichy. 'Yan'uwan da suka taso daga Lyon a jirgin safe. Baƙuwarmu Madam Doris, da ta ƙetaro teku daga Landan da sandarta. Matan da suka kwana biyu a kan tukunya. Da ku samari da 'yan matan can baya masu danna telehon, da za ku ce mini "oui Mamie", wato "to, kaka", ko ba ku ji ko kalma ɗaya ba: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na gode wa ƙungiya da ta kama mana wannan zaure. Na gode wa duk wanda ya bar aikinsa na Asabar ya zo. Na gode wa jikata Zuwaira da ta saya mini littafin da na rubuta wannan jawabi a ciki, ba ta san abin da zan rubuta ba. Shekara uku kawai na yi a lakkwal, makarantar boko, kafin a cire ni, sauran na ƙarasa a yaƙi da jahilci ina da jikoki, don haka in kun ga na tsaya, rubutuna ne ya gagare ni, ba maganar ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Husainatu, matar marigayi Illiassou na unguwar Birni, uwar Abdulrazak, wancan mai farin tabarau da ya naɗe hannuwa a ƙirji a layin gaba. Ga wanda bai san abin da ya tara mu ba, ga shi a taƙaice, don mai zauren zai karɓi makullinsa ƙarfe shida, yanzu kuwa huɗu ta wuce.

Zuwaira ɗiyar Abdulrazak tana aikin bincike a Lyon. Can ta haɗu da wancan dogon yaro mai jan kunne, Colin Barker, wanda ya musulunta shekara uku kafin ya san ta, aka sa masa Salihu. Ya nemi aurenta ta ƙofar gida, ba ta taga ba. Ubanta ya ce addininsa ya yi, aikinsa ya yi, halinsa ya yi, amma shi ba ya ba da ɗiya ga wanda bai san asalinsa ba. Aka ce masa a Lyon aka haifi yaron. Ya ce Lyon masauki ne, ba asali ba. Ya faɗa a gaban Alhaji Saley, ga shi nan da ransa: "Ku kawo mini asalin da zan iya ganewa, in bayar." Wata goma sha ɗaya ke nan ana nan. Zuwaira ta gaji, ta sa ranar auren gwamnati a mairie, ofishin magajin garin Lyon, Asabar mai zuwa, ta ce ko da ubanta ko babu. Ni kuma bizata saura kwana tara, kuma kowa ya dubi gwiwoyina ya san ba zan sake hawa jirgin sama ba. In aka tashi yau ba a ɗaura ba, yarinyar nan za ta shiga gidan miji ba fatiha, ba uba, ni kuma in koma Damagaram in mutu ina da ɗa da jika da ba sa gaisawa. Wannan ne ya hana ni zama a kujera. Wannan ne ya hana ni cin tuwon da kuka dafa.

To, asali aka ce a kawo, na je na kawo. Zan jera shi kashi uku.

Na farko, yadda na tafi nema.

A gida kun san yadda ake yi. In yaro ya fito, sai a tashi tsohuwa mai dogon baki, ta je garinsu, ta zauna gidan maƙwabta kamar ta zo shan ruwa, ta ji ko gidan na faɗa ne, ko na sata, ko masu sakin mata ne kamar canza riga. Na duba duk zuriyarmu ban ga wadda ta fi ni dogon baki ba. Na je unguwar Goutte d'Or wajen Hajiya Sabuwa mai shagon atamfa, don ita Bakanuwa ce, tana jin Ingilishi. Na ce, "Baiwata, rufe shago, za ki raka uwargijiyarki Ingila." Ta ce, "Ke Badamagariya, yaushe kuka fara sanin hanya?" Haka muka tafi muna zagin juna, kamar yadda kakanninmu suka bar mana.

Na ɗaure kilishi da dabino don maƙwabtan can. Muka isa tashar jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku. Mai duba takardu ya buɗe fasfo ɗina, ya juya, ya sake juyawa, ya ce bizar nan ta Faransa ce da maƙwabtanta, ba ta shiga Ingila. Jama'a, ni na ɗauka Turai gida ɗaya ne mai ɗakuna da yawa. Na ce wa Sabuwa, "Gaya masa ba zama zan yi ba, tambaya ɗaya zan yi wa maƙwabta in juyo." Ya ce wace tambaya? Na ce, "Ko mutanen kirki ne." Mutumin nan ya yi dariya har ya cire hula, ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai ji dalilin tafiya da ya fi wannan ba, amma ƙofa ba za ta buɗe ba. Muka dawo Sevran da kilishinmu. Sabuwa ta cinye rabi a hanya, Allah Ya isa.

Da Salihu ya ji, ya ce mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Bafaranshiya ce, amma akwai yayar mahaifinsa a Landan, ita ce mai riƙe da tarihin gida. Ya kira ta. Tsohuwar nan, Madam Doris, shekararta saba'in da biyar, ta ce tunda an hana ni zuwa, ita za ta zo a tambaye ta. Wannan kaɗai ya isa ya gaya muku wani abu.

Na biyu, abin da ta kawo.

Mun zauna a ƙuryar shagon Sabuwa, tsakanin turamen atamfa. Madam Doris ta ajiye gwangwanin biskit a kan cinya, cike da takardu da hotuna, Sabuwa tana fassara, ni ina rubutawa.

Ta ce su ma da can ba su da sunan gida. Kamar mu suke: wane ɗan wane, in ɗa ya haihu sunan kaka ya faɗi. Sai shekaru ɗari bakwai ko fiye da suka wuce, masu rubuta mutane a littafi suka rasa yadda za su bambanta Yahaya goma a ƙauye ɗaya, sai aka riƙa liƙa wa kowa sana'arsa, ko garinsa, ko kamanninsa. Sunan ya manne, ya bi 'ya'ya da jikoki. Na ce mata wannan ban yi mamaki ba, mu ma haka aka yi mana, sai dai namu jiya-jiya ne. Ranar da aka kai Abdulrazak lakkwal, mushe, wato malaminsu, ya rubuta sunan ubansa a layin sunan gida, shi ke nan. Yau ga yara a Sevran ana kiransu Madmazel Illiassou, ba su taɓa ganin Illiassou ba, shi kuma ya mutu bai san ya zama tambari ba.

Ta ce nasu mutanen daga wani ƙauye suke a arewacin Ingila, ƙasar sanyi da tumaki. Gidansu kullum a bayan gari yake, a ƙasan rafi, inda ruwa ya riga ya wuce kowa. Da injuna suka zo, ƙauye ya watse, suka koma birnin Leeds. Daga can kakan kakanta, wani Joseph, ya yi faɗa da maigidansa, ya saɓa kayansa ya nufi Landan, ya sauka a kudancin kogi. Ƙanensa ya hau jirgin ruwa zuwa Ostareliya, ya aiko wasiƙa ɗaya tak, ya ce zafi ya yi yawa kuma ya yi aure, ba a sake jin duriyarsa ba. Na riƙe wasiƙar da hannuna. Wani reshe ya tafi Kanada. Waɗanda suka tsaya Landan suka yi zuriya huɗu a layi ɗaya, har aiki ya mutu a unguwar. Ƙanenta, uban Salihu, ya karanci haɗa rini, aka ɗauke shi aiki a Lyon, ya zo da akwati ɗaya da niyyar shekara biyu, ga shi a can aka binne shi. Ku dattawan Sevran da kuka zo da niyyar shekara biyu, kada ku dube ni, ku dubi juna.

Kun ji tafiyar suna: ƙauye, Leeds, Landan, Lyon, yanzu kuma yana tsaye a ƙofar gidanmu yana sallama. Amma na lura tsohuwar nan tana kewaye wani abu. Ta faɗi gari, ta faɗi shekara, ta faɗi wanda ya auri wa, ba ta faɗi sana'a ba. Duk lokacin da na ce, "To me suke yi a ƙasan rafin?" sai ta ce a ƙara mata shayi. Ni kuwa na san wannan kewaye, don shekara talatin ina yin irinsa.

Da za mu rabu, na ciro tsarabar da na yi niyyar kai mata Landan: alabe ja na zuba kuɗi, na fatar akuya, aikin gida. Kun san yadda Turawa suke karɓar irin wannan. Su riƙe da yatsa biyu, su ce "très joli", wai ya yi kyau, su sa a jaka. Ita kuwa ba haka ta yi ba. Ta juya shi ciki ya koma waje. Ta kai hanci ta shaƙa, ba ta fuskar ba, ta bayan. Ta naɗe gefe ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ta matse, ta ɗaga wajen haske ta ga ko fuskar za ta tsage. Sannan ta ja farce a hankali ta saurara.

Jama'a, ku saurara. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake gaisawa da fata haka kafin ya gaisa da mai ita.

Ta ce wa Sabuwa, "Akuya ce. Kuma ba da maganin kamfani aka jeme ta ba, da itace ne. Wane itace?" Na ce bagaruwa. Ta ce su da ɓawon wani babban itacen ƙasarsu suke yi, a jiƙa fata a rami shekara guda. Ta ce sunan nan Barker ma'anarsa ke nan, mai aiki da ɓawo, wato majemi. Sannan ta dube ni cikin ido ta ce, "A gidanku wane ne?"

Na ce, "Mijina."

Sabuwa ta daina fassara, don ba a bukatarta kuma. Madam Doris ta nuna mini da hannunta yadda ubanta yake kankare gashi, na gyara mata riƙon wuƙar. Na toshe hanci, ta toshe nata, muka yi ta dariya har masu sayen atamfa suka leƙo.

Na uku, kuma nan ne za a ji haushina.

Abdulrazak, ɗaga kanka. Kun san shi a nan da ɗan babban attajirin fata mai aikawa Turai. Haka ya gaya muku, haka ya gaya wa matarsa, haka ya gaya wa 'ya'yansa, ni ma duk zuwan da na yi haka nake gyaɗa kai. Illiassou bai taɓa aika ko wutsiya Turai ba. Majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi. Kakansa daga Kano ya zo Damagaram da jaki ɗaya, Sabuwa kada ki yi guɗa, ban gama ba. Shekara arba'in mijina yana tsaye cikin ruwan toka har gwiwa. Tafin hannunsa ya rine, bai sake fari ba har aka yi masa wanka na ƙarshe. Da wannan hannun aka sayi allonka, da shi aka sayi littafinka, da shi aka sa ka a motar Yamai.

Ban faɗi wannan don in kunyata ɗana ba. Na san inda abin ya fara. Yana ɗan shekara bakwai ya dawo daga lakkwal bai ci abinci ba, ya ce mushe ya mayar da shi bakin taga shi kaɗai, yara suna toshe hanci in ya wuce. Ya ce, "Inna, ki wanke ni da sabulun Nasara." Na wanke shi sau uku, ya shinshina hannunsa ya ce har yanzu akwai. Babu komai a hannun, ni na sani. Tun daga ranar yake wanka, har ya zo Faransa, har ya zama mai haɗa magani da farar riga, wanda ba a jin komai a jikinsa sai turare. Na yi alfahari da shi, ina kuma yi. Amma yaron da aka kai bakin taga saboda asali, yau shi ne ya tsayar da ɗan wani a bakin ƙofa wata goma sha ɗaya saboda asali. Wannan ne ban haifa ba.

Madam Doris ta ba ni izinin in faɗi nata. Ba ta taɓa aure ba. Tana da shekara ashirin wani ɗan akawu ya so ta, ita ma ta so shi. Uwarsa ta zo ganin gida, ta tsaya a zaure, ta ja numfashi sau ɗaya, ta juya, ko zama ba ta yi ba. Shekara hamsin da biyar ke nan. Ta ce mini ba ta ƙi matar ba, ta ƙi yaron da ya bi bayan uwarsa bai waiwayo ba. Ta ce shi ya sa da ta ji ana neman asalin ɗan ƙanenta, ta yi niyyar ɓoye sana'ar, don tana tsoron mu ma mu ja numfashi mu juya. Ku ji fa! Ta tsallako teku tana ɓoye mana abin da muke ɓoye mata.

Alhaji Saley, na ga kana nuna mini agogo. Na gani. Sauke hannunka, saura kaɗan.

Ya ku dattawa, ina kira gare ku. In asali ake nema, ga asali: mutane ne da aka tura bayan gari don wari, alhali duk garin da takalminsu yake tafiya. In sana'a ake nema, ga sana'a: tamu ce, itacen ne kawai ya bambanta. In tafiya ake tsoro, wa ya fi mu tafiya? Su sun bar ƙauye don aiki ya mutu, mu mun bar Birni don aiki ya mutu. Su sun rasa ɗan'uwa a Ostareliya, mu wa ya san iyakar waɗanda muka rasa a Sudan da Makka da Kumasi? Da a Damagaram ne, gidan majema ya nemi ɗiyar gidan majema, ko goro ba a gama rabawa ba an ɗaura. Ni da na ga yaron ma na ce da ni ya fara gani da Zuwaira ba ta samu ba, sai dai ya ce ba ya iya tuwo kullum.

Amma ni mace ce, kuma tsohuwa, ba ni ke bayarwa ba. Uba ke bayarwa. Kuma bai ce a kawo asalin da uwarsa za ta gane ba, ya ce wanda shi zai gane. Don haka ban ce ka yarda da bakina ba, Abdulrazak.

Madam Doris, kawo. Sabuwa, taimaka mata da ƙunshin.

Wannan da kuke gani a kan tebur, ita ce fata ta ƙarshe da mahaifinta ya jeme kafin a rufe wurin aikinsu. Shekara hamsin tana ƙarƙashin gadonta. Ta kawo ta gaisuwa ga uban yarinya, ba ta san ko zai karɓa ba. Ban gaya maka ko ta wace dabba ce ba, ban gaya maka komai a kanta ba. Ka yi shekara biyar kana taya ubanka kowace Alhamis kafin ka tafi Yamai, kuma ya sha gaya mini hannunka ya fi na ƙannensa. Taso ka duba. In aikin banza ne, ka faɗa a gaban jama'a, in ɗauki jakata in koma Sevran, ba zan sake buɗe baki ba. In aikin gida ne, shi ma ka faɗa.

Taso mana. Ni na yi maka wankan nan sau uku, ba ka fi ƙarfin in kira ka sau uku ba. Abdulrazak. Abdulrazak.

To. Ku ba shi hanya. Ku na baya, ku ajiye telehon, ba hoto na ce ku ɗauka ba.

Kun gani? Ban ce ya juya ta ba. Ban ce ya kai hanci ba.

Ɗaga murya, liman bai ji ba. Ya ce ta maraƙi ce. Ya ce ta sha ɓawo sosai, ba a yi mata gaggawa ba. Ya ce sai dai an ɗan yi mata rowar mai a wajen wuya. Sabuwa, fassara mata, har da rowar. Me ta ce? Ta ce ubanta kullum haka yake, marowaci ne. Madalla, an fara faɗan surukai, aure ya kama hanya.

Ɗana, goge tabaranka, ba wanda ya ga komai. Tambaya ɗaya ta rage, kuma ba ni zan amsa ba. Ka gane, ko ba ka gane ba? To ka bayar, ko ba ka bayar ba? Gyaɗa kai ba ya ɗaura aure, Malam Muntaka da kunne yake aiki.

Kun ji da kunnenku, ya ce ya gane, ya bayar. Alhaji Saley, kai ne shaidar farko, kai ne ta ƙarshe. Zuwaira, bar kukan nan haka, je ki durƙusa gaban ubanki, kwallinki duk ya zube. Malam, matso da kujerarka, sauran aikin naka ne.

Allah Ya sa albarka a wannan aure, Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai, wadda za ta san sunanta ta kuma san hannun da ya ciyar da sunan. Allah Ya jiƙan Illiassou, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya ji cewa yau ɗansa ya taɓa fata a gaban mutane. Allah Ya saka wa baƙuwarmu da alheri, Ya mayar da ita gida lafiya. Allah Ya mayar da mutanen Lyon lafiya, Ya tsare mana 'ya'yanmu a wannan ƙasa, Ya ba marasa takarda takarda, marasa aiki aiki. Allah Ya zaunar da Nijar da Najeriya lafiya, Ya shiryi Kanawa. Wanda na ɓata wa rai a wannan zama ya yafe mini, wanda na tona kuma ya yi haƙuri, ni na haife shi.

Yanzu a zubo mini tuwon nan, da miya da yawa.

Na gode.